Gawa a Tafkin Ibrahim Khalil

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Talata wayar ofis ta yi ƙara. Sufeto Muhyiddeen ko kurɓar shayinsa bai yi ba. Mai magana ya ce an tsinci gawa a unguwar Riyad da ke Khartoum, cikin tafkin ninkaya na bayan gida, kuma mamacin Alhaji Ibrahim Khalil ne, dillalin riɗi.

Shekarar 1997 ce, shekara takwas da hawan sojoji mulki. A Khartoum ta lokacin, mutuwar mai kuɗi ta fi ta talaka wuyar bincike, don kafin ɗan sanda ya isa gidan wani ya riga ya yanke amsar da yake so a rubuta.

Muhyiddeen ya san sunan. Shi da mamacin duk jikokin alhazan Kano ne da suka yada zango a Umdurman ba su koma gida ba. Bambancin kawai, Ibrahim Khalil ya haye kogi ya gina bene, shi kuwa yana nan a gidan ubansa.

Saja Muhajir ya riga shi isa. Ya tare shi a bakin tafkin, inda aka lulluɓe gawar da farin zane.

"Janabu, ranka ya daɗe, wutar lantarki ce. Dubi tafin hannunsa na dama."

Muhyiddeen ya durƙusa. Akwai ƙuna doguwa a tafin, daidai faɗin ƙarfen sabon tsanin da ake sauka cikin ruwan da shi.

"Wa ya fito da shi?"

"Direbansa. Allah ya sa ya yi hankali, sai da ya kashe wutar gidan gaba ɗaya."

Hajiya Fatna, matar mamacin, tana zaune a baranda, idonta ya kumbura. Kusa da ita wata siririyar mace ce cikin farin tobi, lulluɓin matan Sudan, ta riƙe mata hannu.

"Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ya saba iyo da asuba?"

"Yau ne farko. Likita ya ce iyo zai taimaki bayansa, shi ya sa ya ce a gyara tafkin, a canza komai. Shekara bakwai yana bushe."

"Me ya sa aka bar shi haka?"

Ta dubi ƙasa. "Alhaji ne ya kulle ɗakin injin. Ban tambaye shi ba."

"Wa ya yi aikin?"

"Usta Balarabe, mai aikin wuta da famfo, daga Dar Salam. Shekaranjiya ya gama, jiya aka cika ruwa."

Muhyiddeen ya juya ga mai farin tobin. "Ke fa, Hajiya?"

"Sunana Sittana. Matar ƙanin Alhaji ce ni."

"Mijinta ya tafi Libiya, ya daɗe," Fatna ta yi saurin cewa. "Da mu take zaune."

"Kin ga wani ya shiga ɗakin injin bayan Usta ya tafi?"

"Ban gani ba," in ji Sittana. "Ni ɗinki nake yi a ɗakina. Abin da ya shafi lantarki ko kwan fitila ban iya canzawa ba."

Ɗakin injin ƙarami ne, rabinsa a cikin ƙasa, ba taga sai 'yar kafa a sama. Komai na ciki sabo ne: injin jan ruwa, tankin tace ruwa mai launin shuɗi, da akwatin wuta a jikin bango. Muhyiddeen ya buɗe akwatin. Wayoyin a jere suke, kowace an ɗaure ta tsaf. Guda ɗaya ce bare a cikinsu, tsohuwar waya mai rigar zare, baƙi da fari, ta taso daga inda wuta ke shigowa, ta kauce wa makashin tsaro, ta bi bayan bututu ta nufi ƙasan tsanin.

Ya ce da Saja ya ɗauki hotonta kafin a cire.

Sai ya lura da warin fenti. Bangon ɗakin duk siminti ne tsirara, sai wuri ɗaya kusa da ƙasa, bayan sabon tankin, da aka shafa wa farin fenti. Faɗinsa bai wuce darduma ba.

Kafin ya bar gidan aka kira shi a waya. Wani babba ne daga sama, muryarsa a sanyaye.

"Marigayin mutuminmu ne. Na ji wani Bafallace ne ya haɗa wayoyin. A kama shi, a rufe fayil kafin Alhamis."

Muhyiddeen ya ce, "To, ranka ya daɗe." Bai tuna wa mutumin cewa da shi da marigayin, da duk wanda kakanninsa suka fito daga yamma, haka ake kiransu a bayan idonsu ba.

Rana ta take lokacin da suka haye gadar Umdurman. Sun bar kwalta, suka shiga Dar Salam, gidajen jan bulo na laka a jere, jakuna na jan gangunan ruwa. Usta Balarabe yana zaune a inuwar katangarsa yana kwance wata tsohuwar fanka. Dattijo ne mai kusan shekara sittin da biyar. Da ya ji labarin sai sukudireba ta faɗi daga hannunsa.

"Inna lillahi. Janabu, ba zai yiwu ba. Kayan da na saka ba sa kisa."

"Yi mini bayani."

"Mun je Sajjana, kasuwar kayan gini, da shi Alhaji. Ya so inji mai ƙarfin doki biyu, na ce ɗaya ya ishi tafkin nan. Ya so matatar ruwa ta takarda, na ce ƙurar garin nan za ta toshe ta cikin mako, a ɗauki ta yashi. Duk wannan bai yi gardama sosai ba. A kan fitilar cikin ruwa muka yi ta ja."

"Me ya faru?"

"Iri biyu ce. Akwai mai shan wutar gida kai tsaye, ita ce mai araha. Akwai mai taransifoma, wadda ke rage wutar har ta zama ko jariri ya taɓa ba abin da zai ji. Na ce sai wannan, kuma a haɗa da makashin tsaro, wanda da wuta ta ɗan zurara cikin ruwa zai yanke ta kafin ƙiftawar ido. Na ce in ba haka ba ya nemi wani ustan."

Muhyiddeen ya zaro wayar mai rigar zare daga ambulan ya miƙa masa. Balarabe ya jujjuya ta, ya dubi bakinta.

"Wannan igiyar dutsen guga ce. Shekara arba'in ina aiki, ban taɓa sa irinta a akwati ba. Amma wanda ya fere bakin nan ya iya. Ko silin tagulla ɗaya bai yanke ba."

"Fentin da ke bayan tanki fa?"

Dattijon ya kau da kai. "Danshi ne ya ɓata wurin."

"Danshi, a ɗakin da ya shekara bakwai bai ga ruwa ba?"

"Abin da na sani ke nan, Janabu."

Muhyiddeen ya san ƙarya yake yi, ya kuma san ba shi ya yi kisan ba. Duk da haka ya sa Saja ya saka shi a mota. In bai kama shi ba, wasu za su zo su kama shi, kuma su ba ofishin 'yan sanda za su kai shi ba. Matar Usta ta biyo motar ba takalmi har bakin hanya, tana kiran sunan mijinta.

Washegari da safe ya tafi Sajjana. Kantin yana can ƙarshen layin masu bututu. Mai kantin mutum ne mai ƙiba da son magana, ya tuna cinikin sarai.

"Tafki nawa ne a garin nan da zan manta? Su uku suka zo."

"Uku?"

"Alhajin, da ustansa, da wata mata mai farin tobi. Ita ta karanta musu takardar kayan, da Turanci take. Wallahi ta fi ni sanin abin da nake sayarwa. Na faɗi ƙarfin makashin tsaron, ta ce na yi kuskure, ta nuna mini a jikin kwalin. Ita ce da gaskiya."

"Wane ɓangare ta bi a gardamar fitila?"

"Na ustan. Ta ce wa Alhajin jikokinsa za su shiga ruwan nan, kada ya yi wasa. Da maganarta ya yarda."

"Ta yi wata tambaya?"

Mai kantin ya sosa gemu. "Da suna loda kaya a mota, ta dawo ita kaɗai. Ta tambaye ni ko tsanin ƙarfe ne zalla, ko an shafe shi da roba. Na ce ƙarfe ne zalla. Ta ce madalla."

Daga nan Muhyiddeen ya wuce ofis. Balarabe yana tsugune a kusurwar sel, bai taɓa gurasar da aka ba shi ba.

"Usta, gobe Alhamis. In ban kai wani suna ba, naka za a rubuta. Ka ɓoye mini cewa Sittana ta bi ku Sajjana. Me ke ƙarƙashin fentin nan?"

Dattijon ya ɗago kai.

"Rubutu ne," ya ce. "Ranar da na ciro tsohon tankin na gan shi. Da ƙusa aka karce shi. Ni ban iya karatu sosai ba. Ina cikin dubawa sai ga ta ta kawo mini jabana, gahawar nan tamu. Ta ajiye tiren, ta durƙusa, ta karanta. Janabu, ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana raye ba sai ran nan. Ta tashi ta fita."

"Sai kuma?"

"Da yamma Alhaji ya leƙo ganin aiki. Ya ga rubutun. Ya ce in shafe, kuma in na faɗa wa wani, yana da mutanen da za su sa a manta an taɓa haihuwata. Ina da 'ya'ya mata huɗu."

"Ka gaya masa ta gani?"

"Ban gaya masa ba."

Bayan la'asar Muhyiddeen ya koma Riyad. An kafa rumfar makoki a ƙofar gida, manyan motoci sun cika layin. Ya bi ta ƙofar baya, shi da Saja. Tafkin yana nan cike, ganyen darbejiya da jar ƙura sun fara rufe fuskar ruwan.

A ɗakin injin ya durƙusa bayan tankin, ya kwantar da hasken tocila a jikin bangon. Fenti ya rufe launi, bai cike ramin ƙusa ba. Layuka tara ne a tsaye, irin na mai ƙirga kwana. Ƙarƙashinsu akwai rubutu da baƙaƙen Larabci, amma kalmomin Hausa ne. Ya karanta a hankali, Saja yana rubutawa.

"Sittana, ina gidan Yaya. Lafiyata ƙalau. Ya ce gobe mota za ta zo ta fitar da ni gari. In na isa zan aiko. Lawal."

Ɗakin Sittana yana can ƙarshen gidan, tagarsa tana kallon tafkin. Ta amsa sallamarsu ba tare da ta tashi ba. Tana goge wani farin tobi a kan tabarma, da dutsen guga na gawayi.

"Gidan nan akwai janareto," in ji Muhyiddeen. "Me ya sa kike guga da gawayi?"

"Na saba."

Ya duba saman kabad. Dutsen guga na lantarki yana can, an tura shi baya. Ya sauko da shi. Igiyarsa guntuwa ce, ba ta kai tsawon yatsa ba, rigarta ta zare, baƙi da fari. Ya ajiye wayar ambulan kusa da ita. Bakin yankan ya hau daidai.

Sittana ta jingine dutsen gawayin a kan bulo don kada ya ƙona tobin.

"Kafin ki fara ɗinki, wane aiki kike yi?"

"Malama ce ni. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyyar lantarki a makarantar 'yan mata. An kore ni wata uku bayan ɓatan mijina."

"Lawal."

"Lawal." Ta faɗi sunan a hankali. "Injiniya ne a wata masaƙa a Bahri, yana cikin shugabannin ƙungiyar ma'aikata. A shekarar casa'in aka fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya ya fita bai dawo ba. Na zo gidan nan ina kuka. Yaya ya dafa Alƙur'ani ya ce bai gan shi ba. Daga baya ya ce ya sami labari ya tsallaka Libiya, har ya yi wani auren. Ya ba ni ɗakin nan. Shekara bakwai ina cin tuwonsa ina yi masa addu'a, ina jin haushin mutumin da na ɗauka ya yar da ni."

"Rubutun bai ce Alhaji ya bashe shi ba."

"Shi ya sa na tambaye shi. Ranar da muka dawo daga Sajjana na same shi shi kaɗai a falo. Na ce, Yaya, wace mota ce ta zo ran kwana na goma? Bai ma yi musu ba. Ya ce fara ce, ba lamba. Ya ce sun ce masa ko Lawal ko gidan nan da duk abin da ke cikinsa, shi kuma ya zaɓa. Na ce ina kabarinsa? Ya ce irin waɗannan ba su da kabari, in yi haƙuri, in tuna wa ke ciyar da ni." Ta gyara bakin tobin da ke gabanta. "Wata biyu bayan motar nan ya sami lasisin fitar da riɗi. Har walima aka yi. Ni na dafa."

"Amma tun a kanti kika tambayi tsanin. Kafin ki yi magana da shi."

"Tun da na karanta bangon na san amsar. So nake in ji daga bakinsa."

"Yaushe kika sa wayar?"

"Litinin da azahar, da aka ɗauke wuta ba a tada janareto ba, kowa yana barci. Minti goma."

"Da wani ya riga shi taɓa ruwan fa? Direba, ko Hajiya?"

"Tun kiran assalatu ina bakin tagar nan. Da wani ne da na yi ihu. Kuma ni na matsa a sayi kayan kirki, saboda yara. Niyyata in cire wayar da zarar an gama, tafkin ya koma lafiya lau." Muryarta ta ɗan karye a karo na farko. "Na ga ya kama ƙarfen. Bai yi ƙara ba. Da ya daina motsi, na kasa tashi in je in cire wayar."

"Usta Balarabe yana sel tun jiya. Shi za a rataya wa."

Ta rufe ido. "Na ji. Tobin nan da kake gani, na zuwa ofishinka ne. Gobe da safe na yi niyya."

Muhyiddeen bai san ko gaskiya ta faɗa ba. Ya ce ta saka shi yanzu. Suka jira ta a waje.

Saja ya matso kusa da shi. "Janabu, maganar farar motar nan, za ta shiga rahoto?"

"Za ta shiga."

"Za su cire shafin."

"Su cire da hannunsu. Ka je ofis ka saki Usta, ka kai shi har ƙofar gidansa."

Sittana ta fito, farin tobin ya sha guga. Ba a sa mata ankwa ba. Sun kusa ƙofar baya sai ga Hajiya Fatna ta taho daga cikin gida, tana dafa bango. Ta dubi 'yan sandan, ta dubi Sittana, ta gane.

"Ke ce?"

"Ni ce, Yaya Fatna. Ki yafe mini abin da na ja miki. Ke ba ki taɓa yi mini komai ba sai alheri."

Sai Fatna ta zauna a kan matakalar baranda kamar an tura ta.

"Ni nake kai masa abinci," ta ce. "Kwana taran nan. Safe da yamma."

Sittana ta juyo gare ta.

"Kullum sai ya tambaye ni ke. Ran da kika zo kina kuka, yana can ƙasa, tsakaninku bai fi taku ashirin ba. Alhaji ya ce in na yi magana duk za mu hallaka. Da motar ta zo ina bayan labule. Na ga ba ta masu taimako ba ce." Hawaye ya zubo mata. "Ya juyo ya ce, Yaya Fatna, na gode da abinci."

Sittana ta tsaya tana kallon matar da ta shekara bakwai suna cin abinci a kwano ɗaya. Fatna ta miƙo hannu. Sittana ta dubi hannun, ta ja gefen tobinta ta rufe fuska.

"Janabu," ta ce, "mu tafi."

Muhyiddeen ya buɗe mata ƙofar mota ta baya, ta shiga. Daga rumfar makoki ana jiyo muryar liman yana yi wa Alhaji Ibrahim Khalil addu'a, jama'a suna amsawa da amin. Sai da suka fita daga layin, suka hau titin da ya nufi ofis, sannan ta fara kuka.